Ranar da Yaya Dela Ta Dangwala Yatsa

Daga layinmu a Dar Salam har bakin Kasuwar Libiya, in ka ce "Dela mai humra" ba wanda zai tambaye ka wace Dela. Yayata ce ciki ɗaya. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ita ta goya ni, ita ta yi mini kitson farko. Ni ce Wafa'a, malamar firamare, kuma ni kaɗai aka kai makarantar gwamnati a gidanmu. Yaya Dela tana karanta Alƙur'aninta tiryan-tiryan, amma in ka miƙa mata takardar ofis mai ƙananan baƙaƙe, sai ta jujjuya ta ta ce a kira Wafa'a. Duk abin da zan faɗa ya faru ne kafin yaƙin nan ya watsa mu, lokacin da Omdurman take Omdurman.

Abin da Allah ya ba yayata hanci ne. Ba tsawo nake nufi ba, don ta wannan fannin duk gidanmu ba a yi rabo da mu ba. Jin ƙamshi nake nufi. Wajen kakarmu Iya ta koyi sana'a, ita kuwa Iya iyayenta ne suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin Nilu, suka zauna. Iya ta koya mata soya farcen turare, da jiƙa 'ya'yan ƙamshin nan na mahlab, da turara dilka, amma tun Yaya tana 'yar shekara goma sha biyar Iya ta daina gyara mata hannu, sai dai ta miƙa mata kwalba ta ce, "Ke shinshina mini."

Ba ta taɓa mallakar sikeli ba. Ba ta awo da cokali. Za ta zuba, ta juya, ta kai hanci, ta ƙara ɗan wani abu, ta ce ya yi, kuma ya yi ɗin. A kasuwa takan ɗauki icen sandal ta kankare da farce ta sansana, ta ce wa mai shago, "Wannan itacen banza ne kuka shafa wa mai, ya zol, kai mutumin nan, ka ji tsoron Allah." Har sai da 'yan kasuwa suka koyi ɓoye jabun kaya da zarar sun hango tob ɗinta, lafayar nan tata ruwan toka. Ni kuwa na sha wuya da hancin nan. Ina shigowa daga makaranta, ko sallama ban gama ba, za ta ce, "Wafa'a, kin sake cin waken ful da ɗanyar albasa a titi, kuma ba a wurin mutumin jiya ba."

Da mijinta Salih ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ba ta kai ƙoƙon bara gidan kowa ba. Humra da dilka da turaren wuta su suka ciyar da gidan, su suka rufa ɗaki biyu da kwano, su suka biya wa babbar 'yarta Tasnim karatun jinya. Daga Umbadda, daga Bahri, har daga cikin Khartoum mata ke tako ƙasar layinmu da takalmansu masu tsini don su yi wa amarensu kaya.

Wata Talata da hantsi ta dawo daga kasuwa a raksha, keken nan mai ƙafa uku, da ƙunshin sandal a cinyarta. Wata motar rarraba kaya ta daki rakshar ta baya. Yaya ta yi sama, ta faɗo da ƙeya a kan dakalin titi, fuskarta kuma ta bugi ƙarfen rakshar. Da na isa asibiti na tarar da ita idonta biyu, hanci ya kumbura ya yi suntum an cusa masa auduga, ido ɗaya ya rufe. Abin da ta fara tambayata shi ne ko an tsince mata sandal ɗinta.

Likita ya duba ya ce ba karaya. Ya ɗinke ƙeyar, ya rubuta a takardar 'yan sanda cewa bugun kai ne, a dawo bayan sati uku kafin ya ce komai. Na ji wannan da kunnena. Muka kwana ɗaya aka sallame mu, kowa na hamdala, mata na shigowa suna yi mata sannu irin ta nan, "Kaffara, ya Dela, kaffara."

Direban motar, wani magidanci mai suna Munir, yana tsare a ofishin 'yan sandan hanya. Ka'ida ce, ba a sakinsa sai likita ya ce wanda aka buge ya fita haɗari, ko kuma shi wanda aka buge ya janye. Saboda haka rana ta uku, bayan azahar, sai ga mutanensa. Dattawa goma sha biyu cikin farar jallabiya da rawani, da rago ɗaure a bayan mota, da buhun sukari. Sun zo judiya, wato neman sulhu. A nan ƙasar in dattawa suka tako gidanka haka, ba ka barin su su tashi da kunya.

Wanda ya tarbe su Kawunmu ne, Malam Ibrahim Khalil, ƙanen mahaifiyarmu. Shi ne babba a dangi, shi ke limanci a masallacin layi, shi ke karantar da manya bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Aka fito da Yaya Dela aka jingina ta a kan gado, kanta naɗe da bandeji, tana shan maganin da ke sa ta gyangyaɗi tsakiyar magana.

Ni kuma ina ina? Ina madafa. Ina soya buni, wato 'ya'yan gahawa, ina daka citta, ina haɗa jabana ta mutum goma sha biyar, don ba a ba dattawa gahawar da ta kwana. Ni da na yi shekara goma sha shida a makaranta, ni da ake kira in karanta takardar wuta da ta ruwa, ranar da aka kawo takardar da ta fi kowace takarda a rayuwar yayata, ina tsugune ina fifita gawayi. In na tuna har yanzu sai in ji kamar in mari kaina.

Ta tagar madafa na ji jawaban da aka yi. Babbansu ya yi dogon jawabi, ya ce ƙaddara ce, Munir yana da 'ya'ya biyar, matarsa ba ta ci abinci ba tun ranar. Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Mu jikokin mahajjata ne. Ba a taɓa jin gidan nan ya ci kuɗin hatsari ba, ba kuwa za a fara a kaina ba. Dela, me kika ce?"

Me za ta ce? Ta ce, "Na yafe masa, Kawu, lillahi. A sake shi ya koma wa 'ya'yansa." Aka ɗaga hannu aka yi Fatiha.

Ban yi fushi da wannan ba, kuma har gobe ba zan yi ba. Munir bai fito gida da niyyar buge kowa ba. Abin da ban gani ba shi ne, a cikin tawagar akwai wani saurayi da ba jallabiya a jikinsa, riga ce mai guga da jakar takardu. Kowa ya ɗauka ɗan'uwan Munir ne. Ashe wakilin kamfanin inshorar motar ne, tamin dai da muke cewa. Ya zaro takarda biyu. Ta farko ta sakin Munir ce. Ta biyu ta kamfani ce, tana cewa Dela ta karɓi kuɗin magani, ta gamsu, kuma ba ita ba neman wani abu daga baya, ko a kan ciwon da aka sani ko wanda zai ɓullo nan gaba. Ya haɗa su ya ce, "Nan da nan, ya Hajja, halas, shi ke nan."

Tasnim ta gaya mini uwarta ta ɗan ja hannu ta ce a kira Wafa'a. Kawu ya ce, "Haba Dela. Kin yafe a gaban dattawa, sai kuma mu tsaya bin layi-layi kamar masu ciniki?" Ya karɓi alƙalami ya sa hannu a matsayin shaida ba tare da ya karanta ba. Aka kama babban yatsanta aka dangwala a tawada, aka dangwala sau biyu. Ina fitowa da tire, saurayin yana zuge jakarsa. Har kofi na miƙa masa, ya sha, ya ce jabanar ta yi daɗi. Ambulan ɗin da ya ajiye a gefen gado ko rabin kilo na sandal mai kyau ba zai saya ba.

Sati biyu na farko ba wanda ya lura da komai. Hanci a kumbure yake, a toshe, in ta ce abinci ba daɗi sai mu ce magani ne. A sati na uku kumburi ya saɓe, aka cire zare, ta ce zama ya ishe ta, akwai turaren wata amarya da ta yi alkawari. Ta ɗora sukari a wuta zai narke ta zuba sandal, ta juya baya tana tankaɗen mahlab. Ina ɗaki ina duba littattafan yara na ji ƙauri. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana ihu, "Ya Dela, me ke ƙonewa?" Na fito da gudu. Tukunya ta yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya turnuƙe rumfa, yayata tana zaune taku biyu daga wurin, tana tankaɗe tana 'yar waƙarta.

Ta juyo ta ga hayaƙin da idonta. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe akwatin kwalabenta, ta riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana kaiwa hanci. Miski, sandaliyya, kanumfari, tsohuwar humrar Iya da take ɓoyo tun rasuwarta. Ta fito ta ɗauki galan ɗin kananzir ta shaƙa. Sannan ta dube ni ta ce, "Wafa'a, duk ruwa ne."

Muka koma wa likitan. Ya yi gwaje-gwajensa, ya ce bugun ƙeya yakan girgiza ƙwaƙwalwa ya tsinka 'yan jijiyoyin da ke kai mata ƙamshi. Wani yakan dawo kaɗan-kaɗan, wani ba ya dawowa. Ya ce a yi hoton kai a ga ƙwararre, sannan ya ce, "Ku kawo takardar 'yan sanda in cike, ai don irin wannan na ce ku jira. Kamfanin inshora zai ɗauki nauyi." Tasnim ta sunkuyar da kai. A nan, a gaban likita, na fara jin labarin takarda ta biyu.

Washegari na ja Yaya muka hau hafila, bas ɗin haya, muka haye gada, muka sauka Suk al-Shabi, muka sake hawa wata zuwa ofishin kamfanin a cikin Khartoum. Ba zan faɗi sunansu ba, ba don sun cancanci rufin asiri ba. Aka zaunar da mu a sanyin na'ura fiye da awa biyu. Daga baya wani mai tumbi ya fito da fayil, ya buɗe a gabana, ya nuna da bakin biro.

"Ya ustaza, kin iya karatu ai. Ga yatsanta, ga shaidu biyu, ɗaya ma limami ne. Malesh, sai haƙuri."

Na ce, "Kwana uku da buga kanta! Ido ɗaya a rufe, magani na ɗibarta. Direba ta yafe wa, mutum mai 'ya'ya biyar. Ku 'ya'yanku nawa? Wa ya tsare ku?"

Ya ce shi ma'aikaci ne, fayil kuma an rufe shi. Na ɗaga murya, na faɗi abin da malamar makaranta bai kamata ta faɗa ba. Yaya ta riƙa jan gefen tob ɗina tana cewa, "Ke, mu tafi, kina tara mana mutane." Ita aka cuta, ita ke jin kunya. Wannan ya fi maganar mai tumbin ƙona mini rai.

Wata abokiyar aikina tana da 'ya lauya, sunanta Hala. Na kai mata, Hala ta karanta kwafin takardar sau biyu, ta cire tabarau ta dafe goshi. Ta ce rasa jin ƙamshi ba ƙaramin rauni ba ne a shari'a, balle ga wadda da shi take ci. Da an bari likita ya rubuta rahotonsa na ƙarshe, da kamfanin ba shi da wurin ɓuya. Ta ce sakin Munir daban, haƙƙin da ke kan kamfani daban, ana iya sa hannu a ta farko a bar ta biyu, ba wanda zai kwana a tsare. Na tambaye ta ko akwai sauran hanya. Ta ce akwai guda, siririya. A je kotu a ce an sa ta dangwala ne ba ta cikin hayyacinta, ba a karanta mata ba, ta nemi a kira mai karatu aka hana. Amma sai shaidan da ya sa hannu ya tsaya gaban alƙali ya faɗi haka da bakinsa.

Na sami Kawu bayan la'asar, ɗalibansa sun watse, yana tattara littattafai a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini. Sannan na ce, "Kawu, tambaya na zo da ita. A karatunku, in an ji wa mutum rauni, yaushe ake yanke hukuncinsa?"

Ya daɗe yana shafa bangon littafi. Ya ce, "Sai ya warke an ga inda ya tsaya."

Na ce, "To?"

Ya ce, "Na sani, Wafa'a. Babin nan na karantar da shi ya fi sau ashirin. Amma dattawa goma sha biyu sun tako ƙofata. Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake kallonmu ba. Mun shekara ɗari a ƙasar nan, har yau in abu ya taso sai a tuna daga inda kakanninmu suka zo. Abin da muke da shi shi ne a ce mutanen nan masu yafiya ne, ba su da kwaɗayi."

Na ce, "Kawu, waɗanda suka amfana da yafiyar ko sunanka ba su sani ba. Ka zo ka faɗa wa alƙali abin da ya faru, shi ke nan."

Ya ce, "In tsaya a kotu in ce na sa hannu a abin da ban karanta ba? Gobe wa zai bi ni salla?" Idonsa ya kawo ruwa, na gani, amma bai canza magana ba.

Na koma gida ina huci, na ce wa Yaya mu kai ƙarar ko da Kawu ko ba shi, kotu ta kira shi dole. Ta dube ni kamar na zagi Iya a kabari. Ta ce, "In ja ƙanen uwata gaban alƙali? Shi ya ɗaura mini aure, shi ya sallaci Salih. Ki bar maganar nan, Wafa'a." Na yi kuka, na yi faɗa, na yi kwana huɗu ban yi mata magana ba. Ba ta motsa ba. Hoton kan ma sai da muka sayar da awarwaronta aka yi, ƙwararren ya duba ya ce sai dai a jira ikon Allah.

Munir ya zo gaishe ta da lemo da ayaba, da ya ji labari ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya rantse bai san da takarda ta biyu ba, kuma na yarda da shi. Ita kuwa sai ba shi haƙuri take yi.

Ta yi ƙoƙarin ci gaba da sana'a. Hannu ya san hanya, ta ce. Amma sandal na bana ba na bara ba ne, miski ma kowace kwalba da ƙarfinta, hanci ne ke daidaita su. Ta riƙa kirana in shinshina mata, ni da duk humra ɗaya ce a wurina. 'Yan kasuwa suka gane, suka daina ɓoye jabu in sun hango ta. Wata uwar amarya daga Bahri ta dawo da kwalabe shida, ba ta ma yi faɗa ba, ta ajiye a bakin ƙofa ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, ya Dela." Bayan wannan Yaya ta rufe akwatin, ta koma soya gyaɗa tana ƙullawa a leda, tana tsaye a kanta da ido don kada ta ƙone.

Shekara ta zagayo aka sa ranar auren Tasnim. A nan kafin biki akwai ranar dakan turare. Mata kan taru da turame, a yi waƙa, a yi guɗa, gwana ta zauna a tsakiya tana haɗa kayan ƙamshin amarya. Yaya ta zauna a tsakiyar nan a gidaje fiye da yadda zan iya ƙirgawa. A na 'yarta ta fari sai da muka ɗauko wata, Hajja Ghada daga Umbadda, wadda a da takan aiko a tambayi Yaya sirrin soya farce. Hajja Ghada ta zauna a kan kujerar tsakiya. Yaya ta ɗauki taɓarya ta shiga layin masu daka, tana amsa waƙa da kowa.

Da aka gama haɗa humrar, aka zagaya da kwalbar kowace mace ta shinshina ta sa albarka. Ta zo hannun Yaya. Duk ido ya koma kanta, don kowa ya sani. Ta kai kwalbar hancinta, ta lumshe ido, ta ce, "Ma sha Allah, hannunki ya yi albarka, ya Hajja," ta miƙa gaba. Aka rangaɗa guɗa.

Can da aka shiga hidimar abinci ta jawo ni bayan rumfa. Ta ce, "Wafa'a, kada ki yi mini ƙarya. Ya take?"

Na ce, "Yaya, kin san hancina."

Ta ce, "Ko da hancin naki."

Na ce, "Kamar kanumfari ya yi yawa. Yana ɗan yaji."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Na ga hannunta lokacin da take zubawa. Na so in ce ta rage." Ta goge tafin hannunta da gefen tob, ta dubi inda Tasnim ke zaune cikin ƙawayenta ana shafa mata humrar a wuya. "To amma in ta ce mini ta yaya na sani, in ce mata me?"